Me ke kulle hemogulobin na tayi bayan haihuwa, kuma mene ne aikin CHD4 a ciki?

Ɗaliba daga Gwale:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibar kimiyyar sinadaran jiki ce a nan Kano, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. An koya mana cewa jaririn da ya gaji sikila yakan yi kusan wata 6 lafiya lau kafin hannuwansa da ƙafafunsa su fara kumbura, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana cike da hemogulobin na tayi, wato HbF, wanda ba ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini. Tunda ƙwayoyin gadon da ke yin HbF suna nan daram a jikin babba, me ke hana su aiki? Na ga ana ambaton wani furotin mai suna CHD4 da ke sake shirya kuromatin, wato DNA yadda yake a naɗe cikin ƙwayar halitta, amma ban gane yadda hakan zai rufe bakin ƙwayar gado ba.

Malamin kimiyya, Kabuga:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da tsawo: DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta guda ta mutum ya kai kusan mita 2, kuma dole ya shiga cibiyar da ido ba ya iya gani. Shi ya sa yake a naɗe, kamar yadda tela ke naɗe zare a kwarkwaro. Abin da ake naɗe shi a kai dunƙule ne na furotin 8 da ake kira histon, kowane dunƙule yana ɗaukar harafi kusan 147 na DNA, kuma shi ne niyukiliyosom ɗin da Roger Kornberg ya bayyana a 1974. Duk wurin da ya matse a jikin histon, injin da ke karanta ƙwayar gado ba ya samun wurin kamawa.

A nan CHD4 ke shigowa. Yana ƙona ATP, wato makamashin ƙwayar halitta, ya yi amfani da ƙarfin wajen tura niyukiliyosom gaba ko baya a kan DNA, ta yadda zai iya zaunar da shi daidai kan mafarin ƙwayar gado ya toshe ta. Kuma ba shi kaɗai yake aiki ba, yana cikin wata ƙungiyar furotin da ake kira NuRD, wadda ke ɗauke da HDAC1 da HDAC2, su kuma aikinsu cire alamar asetil daga histon domin naɗin ya ƙara tsukewa. Abin da ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne zuciyar batun, shi ne CHD4 bai san adireshi ba. Kiransa ake yi. A cikin ƙwayoyin da za su zama jajayen ƙwayoyin jini, furotin biyu, BCL11A da ZBTB7A, ne ke kama mafarin HBG1 da HBG2, wato ƙwayoyin gadon da ke yin HbF, a kan kuromosom na 11, su jawo NuRD wurin. Daga nan aikin yin hemogulobin ya koma kan HBB, ƙwayar gadon hemogulobin na manya, wadda ita ce ke ɗauke da kuskuren sikila, har HbF ya sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100 a jinin yawancin manya. A 2008 ne ɗakin binciken Stuart Orkin da ke Boston ya nuna cewa BCL11A ne ke danne HbF.

Ɗaliba daga Gwale:
Na gode, Malam, Allah Ya ƙara ilimi. To idan haka ne, me zai hana a nemi maganin da zai tsayar da CHD4 gaba ɗaya, HbF ya dawo?

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, Tarauni:
Ƙanwata, an gwada abin da kika faɗa a ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji, kuma da aka rage CHD4 lallai HbF ya tashi. Matsalar ita ce furotin ɗin ba na jini kaɗai ba ne. Ana buƙatarsa wajen gyara DNA idan ya lalace, da ginin zuciya da ƙwaƙwalwa tun a ciki, da balagar ƙwayoyin garkuwar jiki. Yaran da aka haifa da sauyi a kwafi ɗaya kacal na CHD4 sukan samu jinkirin girma, da matsalar ji, da lahani a zuciya, cutar da aka bayyana a 2016 da sunan Sifrim-Hitz-Weiss. Wanda ya tsayar da shi a duk jiki zai taɓa ɗaruruwan ƙwayoyin gadon da ba ruwansu da sikila.

Saboda haka masana suka bar CHD4 suka koma kan mai kiransa. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disamba, yana yanke wani ɗan yanki na DNA da ke kunna BCL11A a ƙwayoyin jan jini kaɗai. Idan BCL11A ya ragu a can, NuRD ba ya samun mai kai shi kan HBG1 da HBG2, alhali yana ci gaba da aikinsa a sauran jiki. Sai dai abin yana ci mini rai, domin kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, kuma sai an share ɓargon majiyyaci da magani mai ƙarfi kafin a mayar masa da ƙwayoyinsa da aka ciro daga jikinsa aka gyara, ga shi Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila.

Malamin kimiyya, Kabuga:
Hajiya ta yi daidai. Zan ƙara cewa abin da ke hannunmu a Kano yanzu shi ne haidiroksiyuriya, wanda shi ma ɗaga HbF yake yi, ta wata hanya dabam da ba ta yanke DNA. Yana rage yawan tashin ciwo, amma yana iya sauke fararen ƙwayoyin jini, don haka ba a shansa sai da umarnin likita tare da ƙidayar jini a kai a kai.