Na biya an yi min shafin intanet amma Google bai san da ni ba

Mai Turare Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku ba ni shawara. Ina sayar da abaya da mayafi da turaren wuta da humra a nan Aboabo, kuma ina aika kaya Accra da Tamale da Techiman ta mota in mutum ya turo Momo. Kafin azumi wani yaro ɗan unguwarmu ya ce in ina so kasuwa ta buɗe sai na yi shafin intanet, na biya shi ya yi, kuma gaskiya ya yi kyau, in ka rubuta adireshin gaba ɗaya yana buɗewa har da hotuna da lambar waya. Matsalar ita ce in na shiga Google na rubuta sunan shagona babu shi, in na rubuta abaya in Kumasi sai shafin saye da sayarwa na Jiji da Instagram ɗin wasu mutane ke fitowa, na gangara har yatsana ya gaji ban ga nawa ba. Na kira shi ya ce wai sai na ƙara kuɗi ya yi min rajista wurin Google kuma duk wata za a dinga biya. Haka ne ko dai wayo ake min? Don wallahi sallah ta wuce ko mutum ɗaya bai kira ni ya ce a shafin ya gan ni ba.

Ɗan Asawase:
Wa alaikumus salam. Anti kar ki ba shi ko sidi ɗaya tukuna. Google ba ya karɓar kuɗin rajista, shiga cikin sakamakon bincikensa kyauta ne. Abin da ake biya talla ce, Google Ads, waɗanda kike gani can sama an rubuta Sponsored a kansu, kuma ita ranar da kuɗinki ya ƙare ranar za ki ɓace. Ki tambaye shi wanne yake nufi a cikin biyun, daga amsarsa za ki gane.

Mman Yara Sawaba:
Hmm 'yar uwa ni ma irin wannan ya same ni da shafin makarantar ɗinki, na zauna nan ina jiran amsa tare da ke.

Injiniya Tafo:
Salam Anti. Wannan aikina ne, bari in yi bayani da ɗan tsawo, ki yi haƙuri ki karanta a hankali.

Abu biyu ne kika haɗa wuri ɗaya. Na farko Google ya san shafinki yana duniya ya ajiye shi cikin kundinsa. Na biyu ya ɗaga shi sama in an nemi abaya. Na farkon aikin kwanaki ne ko 'yan makonni, na biyun aikin watanni ne, kuma babu mai iya yi miki alkawarin lamba ɗaya ko da ya rantse. Ke yanzu da alama ko na farkon ba ki samu ba tunda sunan shagonki ma ba ya fitowa.

Ga yadda za ki gwada da wayarki yanzu yanzu. Ki shiga Google ki rubuta site: sai ki manna adireshin shafinki a jiki ba tare da barin fili ba, ki danna nema. In shafukanki sun fito to kina cikin kundi, saura neman matsayi. In ya ce bai sami komai ba to da alama akwai abin da ya tare hanya.

Kuma abin da na fi zargi shi ne wannan, in da WordPress, wato manhajar gina shafi, ya yi miki. Masu gina shafi sukan danna wani ɗan akwati lokacin da suke aiki don kar Google ya ɗauki shafin da ba a gama ba, sai su miƙa aiki su manta ba su cire ba. Yana cikin Settings, ki shiga Reading, can ƙasa za ki ga an rubuta Discourage search engines from indexing this site. In akwai alama a akwatin to ke da kanki ce kike ce wa Google kar ya saka ki, don yana liƙa wa kowane shafi umarnin da ake kira noindex. A cire alamar a danna ajiyewa. Na sha ganin wannan har ba na mamaki kuma.

Daga nan sai Google Search Console, wato wurin da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki a bincike, shi ma kyauta ne, Gmail kawai ake buƙata, kuma dan Allah Gmail ɗinki ke ba na yaron ba. Za su nemi ki tabbatar shafin naki ne, ko ta saka wani ɗan rubutu da za su ba ki a wurin da aka sayi domen ɗin, wato sunan adireshin shafin, ko ta ɗora wani ɗan fayil a kan shafin. In an gama sai a ba su taswirar shafi, wato jerin duk adiresoshin da ke cikinsa. WordPress tun fitowar 5.5 a 2020 yana yin ta da kansa, adireshinki ne sai ki ƙara /wp-sitemap.xml a ƙarshe, in kuma an sa miki Yoast, wata manhaja da ake ƙara wa WordPress, to /sitemap_index.xml ne. Sai ki ɗauki adireshin shafin farko ki saka a dogon akwatin da ke saman Search Console, zai gaya miki ko yana kundi ko ba ya ciki da kuma dalili, akwai maɓallin Request indexing na neman a saka shi kundi, ki danna. Sau ɗaya ya isa, su da kansu sun ce maimaitawa ba ya sa a yi sauri, kuma daga kwanaki ne zuwa 'yan makonni. In kin gama ki leƙa Bing Webmaster Tools, irinsa ne na injin binciken Bing, yana iya jawo komai daga Search Console kai tsaye ba sai kin sake wahala ba.

Duk wannan bai kai aikin awa ɗaya ba ga wanda ya iya, kuma a ganina cikin kuɗin farko da kika biya ya kamata ya kasance.

Alhaji Mai Goro Alabar:
Ni fa ban ga amfanin wannan wahala ba. Hajiya wa ke shiga Google neman humra a Kumasi? Matan Zongo a sitatus na WhatsApp da TikTok suke ganin kaya. 'Yata mai sayar da takalma bidiyo kawai take yi da waya kuma kaya na fita. Ki bar shafin nan ki sa kuɗin a data.

Ɗan Asawase:
Baaba da girmanka amma ba duka ba. 'Yan unguwa sun san ta, ba su za ta nema ba. Amma yarinya 'yar jami'ar KNUST da ta zo daga Wa ko Bolga ba ta san kowa a Aboabo ba, ko wanda ke Jamus ko Amurka yana so ya saya wa mahaifiyarsa kayan sallah a kai mata gida, waɗannan Google suke shiga. Kuma bidiyon TikTok bayan kwana biyu ya nutse, shafi kuwa yana nan.

Alhaji Mai Goro Alabar:
To shi ke nan yaran zamani, ku kuka sani. Amma dai kar ta bar sitatus.

Hajiya Nima:
Gaisuwa daga Accra. Alhaji yana da gaskiya ta wani gefe, kar ki bar inda kuɗi ke shigowa yanzu. Amma ni abin da ya fi kawo min baƙi a shagona ba shafin ba ne ma, Google Business Profile ne, wanda da ake ce masa Google My Business kafin su canza suna a 2021. Shi ne wanda in mutum ya nemi abu kusa da shi taswira ke fitowa da shaguna da lambar waya da lokacin buɗewa, kuma sau da yawa yana sama da sauran sakamakon. Kyauta ne. Ki cika suna daidai yadda yake a allon shago, kar ki cusa masa abaya turare Kumasi cheap cikin sunan don suna iya dakatar da ke kan haka. Ki dasa alamar taswirar daidai ƙofarki, akwai wurin da za ki saka adireshin shafin naki. Za su tantance, ni bidiyo suka ce in ɗauka in nuna titi da allo da cikin shago, wasu kuma ta waya ake musu. In a gida kike sayarwa kina iya ɓoye adireshin ki nuna yankunan da kike kai kaya kawai.

Sannan duk wadda ta saya ta ji daɗi ki tura mata linkin ta rubuta ra'ayinta ta sa taurari. Amma na gaske fa, kar ki tara 'yan gidanku rana ɗaya ko ki ce za ki rage wa mutum kuɗi in ya rubuta, dokarsu ta hana kuma suna gogewa.

Mai Turare Aboabo:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Injiniya na yi abin site: ɗin, babu komai wallahi, fayau. Na tura maka adireshin ta bayan fage ka duba min.

Injiniya Tafo:
Na duba Anti. Noindex ɗin yana nan zaune kamar yadda na zata, to an gano ɓarawon. Amma tunda na shiga bari in faɗa miki sauran, don ko an cire shi ba za ki hau sama da shafin yadda yake ba.

Kusan duk bayananki cikin hoto suke. Fulayar da aka yi miki ya ɗora, farashi da sunan kaya da komai an zana su a jikin hoto, rubutu na zahiri a shafin farko bai wuce Welcome to our shop ba. Google rubutu ya fi dogara da shi wajen gane abin da shafi ke magana a kai. Kamar ki kama shago cikin sabuwar kasuwar Kejetia ne ki cika shi da kaya ki ƙi sa allo, mai nema zai wuce ta ƙofarki bai sani ba. Kowane irin kaya ya sami shafinsa, abaya daban, mayafi daban, turaren wuta daban, ki rubuta da bakinki irin yadin, launi, girma, farashi da sidi, yadda ake aikawa Accra ko Tamale da kwana nawa yake kaiwa. Taken shafin farko yanzu Home ne kawai, ya kamata ya zama sunan shago da abin da kike sayarwa da Aboabo, Kumasi. Ki sa adireshin GhanaPost GPS da kwatance irin namu, kusa da gidan waya ko masallaci kaza.

Sai nauyi. Hotunan yadda suka fito daga waya aka ɗora su, wani ya haura megabait 4. Google da sigar waya yake auna shafi yanzu, kuma shawararsu babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Mutum yana cikin trotro netwok na rawa data na ƙonewa ba zai jira ki ba. A matse hotunan su dawo ƙasa da kilobait 200, ido ba zai ga bambanci ba a waya. Ki saka adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin shafi, zai nuna miki da kansa. Abu ɗaya da zan yaba wa yaron, ya sa https, wato tsaron da ke farkon adireshin, wannan ya yi daidai.

Malama Fadama:
Tambaya a kan tambaya, da wane harshe za ta rubuta? Don mu a baki Hausa muke yi amma in za mu nema a waya Turanci muke bugawa.

Injiniya Tafo:
Malama Turanci ya zama ginshiƙi tunda Ghana muke kuma Asantawa ma suna sayen turare, amma sunayen kaya a bar su yadda ake kiransu, humra humra ce, turaren wuta turaren wuta ne, mai neman su da wannan sunan zai buga kuma masu gasa a kansu ba su da yawa. A nan ne ma nake ganin za ta fara fitowa kafin abaya, don abaya manyan shafuka sun riga sun cika wurin. In ta samu lokaci ta ƙara bayani da Hausa ba laifi. Bayan wata ɗaya ko biyu Search Console zai nuna mata ainihin kalmomin da mutane suka buga suka gan ta, daga nan ba sauran kintace.

Ɗan Asawase:
Ƙari kaɗan, da zarar shafin ya fara fitowa za ki ga saƙonni a imel wai za su sayar miki da linki dubu, wato su sa adireshinki a wasu shafuka, ko su kai ki lamba ɗaya cikin mako. Ki share. Sayen linki ya saɓa dokar Google kuma yana iya ja a danne shafin. Haka in wani ya ce zai cika miki meta keywords, wato kalmomin da ake ɓoyewa a bayan shafi, ki biya, tun 2009 Google ya sanar ba ya amfani da su. Linkin kirki shi ne ki sa adireshin a Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp Business ɗinki, in kina cikin wata ƙungiyar 'yan kasuwa mai shafi su ma su sa ki.

Mai Turare Aboabo:
To na je na same shi da yamma na nuna masa saƙonninku, ya ɗan yi fushi wai na kai shi gaban mutane, amma ya cire alamar a gabana kuma mun buɗe Search Console da Gmail ɗina. Kuɗin wata wata kuwa ya ce talla yake nufi, na ce a bari tukuna. Sai dai da na ce ya ba ni kalmar sirrin wurin da aka sayi domen ya ce wai a cikin akawun ɗinsa yake tare da na wasu mutane ba zai iya ba ni ba. Wannan matsala ce?

Injiniya Tafo:
Matsala ce Anti, ta ma fi ta farkon. Domen haya ce ta shekara shekara, in yana akawun ɗinsa ya manta bai sabunta ba ko kuka ɓata ko ya yi tafiya, shafin zai mutu kuma wani na iya sayen sunan bayan wa'adi ya wuce, duk matsayin da kika tara ya tafi da shi. Gaskiyarsa ce ba zai ba ki kalmar sirrin da ta haɗa na wasu ba, amma ba ita ake buƙata ba. Ki buɗe naki akawun a kamfanin da ya saya, shi kuma ya tura domen ɗin zuwa naki, yawancin kamfanoni suna da wannan hanyar. Ki lallaɓa shi ku yi cikin mutunci tunda ɗan unguwa ne kuma za ki sake buƙatarsa wajen hotunan nan, ko ɗan na ruwa ne ki ba shi. Ki tambaye shi ranar da domen da hostin, wato hayar wurin da aka ajiye shafin, za su ƙare ki rubuta a littafin shago.

Mman Yara Sawaba:
Injiniya ni ma na gwada site: ɗin, nawa ya fito amma shafi ɗaya tak cikin duk waɗanda aka yi, kuma ba WordPress ba ne. In turo maka?

Injiniya Tafo:
Turo Mma, amma sai bayan isha'i, an ɗauke mana wuta a Tafo kuma cajina ya kusa ƙarewa.