Neman kalma: me za mu kira gwajin da ake yi wa kare don sanin irinsa?

Assalamu alaikum jama'a. Zaren yau a kan kare ne. A Amurka da Turai akwai kamfanoni irin su Embark da Wisdom Panel da ake aika wa yawun kare: a goga auduga a cikin kuncinsa, a tura ta gidan waya, bayan 'yan makonni sakamako ya zo cewa kaso kaza na jininsa na iri kaza ne. Turawa na ce masa "breed test". Na ga ana rubuta "gwajin asalin kare", ni kuwa sunan bai kwanta mini ba.

Mu fara da "breed". Jinsi ba zai yi ba, mun riga mun ɗora masa namiji da mace, da kuma bambancin kare da kura. Nau'i ya yi faɗi, har takalmi yana da nau'i. Kalmar tana nan a bakin 'yan kara tun tuni: iri. Uda iri ne, Balami iri ne, haka Bunaji da Rahaji a shanu. In ka tambayi dillali "ragon nan wane iri ne?" ba zai nemi ƙarin bayani ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne "asali". Wanda ya ji gwajin asali zai ɗauka an buɗe jinin kare an karanto sunayen kakanninsa. Ba haka aikin yake ba. Kowane kamfani yana da rumbunsa na samfur daga karnuka masu takardar rajista, wato shaidar cewa irinsu tsantsa ne. Sai a ɗauki ƙwayoyin halittar naka karen, a duba dubban gurabe a ciki, kwamfuta ta kwatanta su da na rumbun, ta ce wannan yanki ya fi kama da na iri kaza. Ƙiyasi ne, kuma ƙarfinsa ya dogara da abin da ke cikin rumbun. Irin da babu shi a ciki ba zai taɓa fitowa ba, sai dai a ba ka mafi kusa da shi.

Idan uwa iri ɗaya ce tsantsa, uba wani iri tsantsa, lissafin yana da sauƙi, kuma manyan kamfanonin kan dace. Amma idan cuɗanyar ta faro tun kaka da kakanni, gutsattsarin gadon sai su yi ta ƙanƙancewa, ga kuma ire-iren da suke 'yan uwan juna har ya yi wuya a raba su. Shi ya sa ƙananan alƙaluman can ƙasan takarda, kaso 3 ko 5 cikin 100, su ne mafi rauni, kuma a nan kamfani biyu suka fi saɓa wa juna a kan kare ɗaya.

A wani bincike da aka buga a 2024, masu bincike a Jami'ar Colorado sun aika samfurin karnuka 12 masu takarda zuwa kamfanoni shida, suka haɗa wasu da hoton wani kare daban. Yawancin kamfanonin ba su ruɗu ba, amma sakamakon ɗaya daga ciki ya fi bin hoton fiye da yawun. Wannan fa a kan karnukan da aka san iyayensu ne. Wanda aka tsinta a titi ba shi da takardar da za a auna sakamakon da ita. Abin ya dame ni domin a Amurka akwai masu gidajen haya da kamfanonin inshora da ke ƙin wasu ire-ire, irin su pit bull. Ga shi wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2022 ya nuna iri bai bayyana fiye da kusan kaso 9 cikin 100 na bambancin halayyar karnuka ba. Sunan da ya yi alƙawarin tabbas zai iya raba mutum da karensa ko da gidansa.

Don haka shawarata: gwajin ƙiyasin iri. A taƙaice, ƙiyasin iri. "Na yi wa karena ƙiyasin iri, aka ce rabinsa Labrador ne." Jimlar ta zauna, kuma mai ji ya san akwai gyara a ciki.

Saura "mixed-breed", wato karen da ya haɗa iri fiye da ɗaya. Ruwa biyu ya dace da wanda iyayensa iri biyu ne sanannu. In sun wuce haka, gaurayen iri. Barbarar yanyawa kam mu bar ta, ta riga ta zama zagi har ga mutane.

Sai dai a kula, karnukan mafarautanmu ba gauraye ba ne. Rajistar ire-ire sabon abu ne: ƙungiyar Kennel Club ta Ingila 1873 aka kafa ta, ta Amurka 1884. Karnukan ƙauyukan Afirka sun girmi wannan tsari nesa ba kusa ba, ba daga cakuɗar karnukan Turai suka fito ba. Embark ma ta ware musu gurbi na kansu, har da na Afirka ta Yamma. Karen Azawak na Buzaye, da ke tsakanin Nijar da Mali, sai a 2019 ƙungiyar Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista. Ga irin waɗannan ina ganin mu ari abin da muke ce wa tumakinmu, 'yan ƙasa: kare ɗan ƙasa.

'Yan uwa na Damagaram da Tawa da Maraɗi, da ku mafarauta, a wajenku me ake kiran karen da aka haɗa na Azawak da na gida? In akwai tsohuwar kalma, ita za mu sa a gaba da ruwa biyu.