Cikina wata 5, ɗaukar bido zai hana jini isa ga yaro?

Maman Sadik, Tawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Pampon unguwarmu sai dare yake kawo ruwa, ni nake jido, bido huɗu ko biyar. Jiya na cicciɓi ɗaya zan ɗora a baro, sai marata ta ɗaure tamau kamar dutse, can kuma ta saki. Surukata ta ce ɗaukar nauyi yana tsinke jinin da ke zuwa mabiyiya. Ga ƙanwata a Yamai, da cikinta take ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki, lafiya lau. Wallahi ban runtsa ba. Wa zan bi?

Hajiya Inna: 'Yata, ina maigidan? Ya kira mai garuwa mana. Ruwa bai kai ranki ba.

Anti ungozoma: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. In ciki lafiyayye ne, ɗaga nauyi daidai ƙarfi ba ya rage wa mabiyiya jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2020, ta ce mai ciki ta motsa jiki minti 150 a sati, har da ƙarfafa tsoka. Amma ƙanwarki nauyin da ta saba take ɗagawa, tana hutawa, tana shan ruwa. Ke kuwa bido mai lita 25 kilo 25 ne cur, kina sunkuye, kin riƙe numfashi kina yunƙuri, ga zafin Tawa ya tsotse ruwan jikinki. Ciki kuma yana sassauta gaɓoɓi, shi ya sa ƙugu ke saurin ciwo.

Ki riƙa cika bidon rabi. Ki durƙusa da gwiwa, ki jawo shi jikinki, ki fitar da numfashi sa'ilin da kike miƙewa. In ba ki iya magana kina ɗauke da kaya, ya fi ƙarfinki. Ki faɗa wa ƙanwarki ta bar ɗaga ƙarfe a rigingine daga wata 5, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke maida jini zuciya.

Kin yi hoton ciki? In mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko kina da hawan jini, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, kada ki ɗauki nauyi sai likita ya duba ki. Jini, zubar ruwa, jiri, ko ɗaurewar da ke komowa a kai a kai, ki tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Maman Sadik: Ban yi hoton ba, Anti. Ban ga jini ba, kuma yana motsi. Gobe da sassafe zan tafi awo. Yau Baban Sadik ne ya jido ruwan.