Wa ya taɓa hawa jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha?

Ɗan Tasha:
Slm jama'a. Don Allah duk wanda ya taɓa hawa ko sauka a tashar jirgin Gagarawa, layin Kano zuwa Nguru, ya zo ya ba mu labari. Tun 1930 dogon nan ya isa Nguru, amma yaranmu na yanzu da yawa ba su taɓa shiga tarago ba, abin yana damuna wlh.

Baba na Ringim:
Wa'alaikumus salam ɗana. Ni dai da jirgin nan na yi fataucin gyaɗa da wake. Daga Kano ka wuce Jogana, Zakirai, Ringim, Taura, sannan Gagarawa, gaba kuma Malam Madori da Birniwa har Nguru. A ƙaramar tasha irin Gagarawa jirgi baya jimawa, in baka jera buhunanka a bakin dogo tun da wuri ba to kana ji kana gani zai tashi ya barka, shi yasa muke kama yara majiya ƙarfi su tsaya daidai inda taragon kaya zai tsaya, ana sauke na wasu ana loda namu ana ihu. Kuɗin buhu a jirgi ko kusa bai kai na mota ba.

Uwar Biyu:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni talla na yi a wurin ina yarinya, fura da nono, dafaffen ƙwai, wani lokaci rake. Ranar jirgi ranar kasuwa ce a wurinmu, da an ji jiniya daga nesa kowa ya ɗau tirensa sai gudu, ta taga ake miƙa kaya ta taga ake miƙo kuɗi, wani jirgin ya fara tafiya kana binsa da canjinsa. Da kuɗin tallan nan innata ta haɗa min kayan ɗaki.

Ɗalibi:
Gsky ni abinda nake tunawa jira ne. A ce da azahar zai zo sai bayan isha'i, ba wuta a tasha, sai fitilar mai shayi. Amma in ka shiga kuma ka huta, ga masu bandar kifi daga Nguru, ga shanu da kanwa a taragon baya, kafin Kano kun saba da na kusa da kai.

Baba na Ringim:
Haka ne, jiran akwai shi. Layi ɗaya ne ai, in wani jirgi na tafe dole naku ya dakata a tasha sai ya wuce. Da damina kuma ruwa kan zaizaye ƙasan dogo, sai a bi a hankali.

Ɗan Tasha:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina zai bi, reshensa kuma Dutse, mu bai biyo ta kanmu ba. Ni ko sau ɗaya a sati ne jirgi ya riƙa tsaya mana, masu riɗi da gero za su samu sauƙin kai kaya Kano. 'Yan Birniwa da Malam Madori muna jiran naku.