Wai dole sai na'ura mai tsada ce za ta ba hedifon sauti?

Mai tambaya: Jama'a, wani abu ne ya ƙona min rai. Na daɗe ina tari har na sayi hedifon mai kyau, irin mai om 300 (om shi ne ma'aunin yadda yake turje wa wutar lantarki), don in riƙa sauraro a ɗaki da daddare. Na jona shi a kwamfuta, sauti ya fito sanyi-sanyi ko na ƙure ƙara. Da na faɗa wa wani abokina sai ya kwashe da dariya, wai na sayi doki na ɗaura masa linzamin jaki. Ni dai a ganina duk na'urar dijital ɗaya ce, sifiri da ɗaya ne, mai araha ta wadatar. Wacce zan saya?

Baba Mai Faifai: Yaro, araha ba ta ado. Daga wannan kalmar ka ɓata tambayarka.

Injiniya: Baba, araha daban, banza daban. Matsalarsa ƙarfin turawa ce. Hedifon mai om 300, irin su HD 600 na Sennheiser, yana son wuta fiye da abin da ramin wasu kwamfutoci ke bayarwa. Ya nemi ƙaramar DAC, wato na'urar da ke mayar da lambobi su zama sauti, wadda ke da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a ciki, ya jona ta USB. Shi ke nan.

Baba Mai Faifai: "Ƙaramar". Kun ji ko? Wani sunan araha ke nan.

Hajiya Kunne: To wai araha a wurin wa? Abin da yake araha a wurin Baba ai albashin wani ne. A fara faɗa mana ma'anar kalmar.

Ɗan Apple: 'Yar guntuwar igiyar nan ta Apple ma akwai DAC a cikinta, kuma fes take fitar da sauti. Ba wanda ya taɓa kiranta mai tsada.

Sarkin Android: Su da suka cire ramin hedifon tun iPhone 7 a 2016, suka dawo suna sayar muku da igiya, ku kuna tafi.

Ɗan Apple: Naku ba su bi sahu ba? Duba wayarka ka faɗa mana ko akwai ramin.

Sarkin Android: Ba na buƙata. Ina da LDAC, fasahar da ke tura sauti ta Bluetooth har 990 kbps, wato kilobit 990 a daƙiƙa.

Injiniya: Faifan CD 1,411 kbps ne, sai ka lissafa. Ban da haka hedifon ɗin bawan Allahn nan na igiya ne, Bluetooth bai shigo maganar ba.

Baba Mai Faifai: Alhamdu lillahi, da bakinka ka ambaci CD. Tun 1982 da Sony da Philips suka fito da shi ba a yi abin da ya kai shi ba. Ni da na'urata ko intanet ya ɗauke ko kar ya ɗauke, ba ruwana.

Injiniya: Baba, FLAC, wato fayil ɗin sauti da ake matsewa ba tare da asara ba, in an kwafo shi daga faifanka lambobinsu ɗaya, ko guda ba ta ɓacewa. Bit 16 ne, 44.1 kHz, wanda ke ɗaukar sauti mai kaifi har kusan 22 kHz, wato girgiza dubu 22 a daƙiƙa. Kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen 20 kHz, shi ma a ƙuruciya. Shekaru na ja yana raguwa.

Baba Mai Faifai: Wato kurma ka kira ni.

Injiniya: Subhanallahi, ban faɗa ba.

Hajiya Kunne: Ka faɗa mana, sai dai a lulluɓe. Ka ba Baba haƙuri.

Injiniya: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Amma a gwada: a daidaita ƙarar na'urar CD da ta mai kunna FLAC daidai wa daida, a ɓoye wa mutum wacce ke aiki, ya zaɓa sau da yawa. In ba a daidaita ba, wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne zai ce ta fi daɗi.

Baba Mai Faifai: Ni ba sai an rufe min ido ba. Wani aminina da ya zo ya saurari tawa, sai da ya ce kamar mawaƙin na cikin ɗakin.

Sarkin Android: Shaidar aminin mai kaya.

Ɗan Apple: Karon farko da na yarda da kai.

Mai tambaya: Don Allah jama'a, DAC ɗin nan da Injiniya ya ce, ta USB kawai take cin wuta ko sai an jona ta a bango?

Hajiya Kunne: Har yanzu dai ba wanda ya faɗa min ma'anar araha.

Mai kula da zaure: To, bari in taƙaita don waɗanda suka zo a makare. An yi ittifaƙi cewa araha ba ta ado, kuma faifan CD shi ne ma'auni, tunda Injiniya da kansa da shi ya auna komai. Maganar kunne an ba da haƙuri, ta wuce. 'Yan waya su kai rigimarsu wani wuri. Shawarata ga mai tambaya ya nemi na'urar CD mai ramin hedifon, irin wadda nake amfani da ita shekara da shekaru.

Injiniya: Yallaɓai, yaushe aka yi ittifaƙin? Mutumin ko faifai ɗaya bai ce yana da shi ba.

Mai tambaya: Ba ni da shi kuwa. Ta USB ko ta bango?