Muhawara: Ina Iyakar Hannun Gwamnati a Sana'ar Mutum da Rayuwarsa?

Baba Alhaji: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana ina so a tattauna, kuma ba zan ɓoye matsayina ba. Duk sana'ar da gwamnati ta sa wa hannu da sunan gyara, sai ta bar ta ta fi da lalacewa. Aikin hukuma tsaro ne da shari'a. Ciniki kuwa a bar wa masu shi. Na sayi inji don in faɗaɗa aiki, aka ce sai da lasisi. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce fayil ɗina na kan teburin oga, oga kuma ya yi tafiya. Injin na nan cikin akwatinsa, ko ledar ba a cire ba, ƙura ta rufe shi. Samarin da na yi wa alkawarin aiki kullum sai sun leƙo suna tambaya. Wa wannan jiran ya kare?

Anti Nas: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya kawo mafita. Amma kalmar "duk" ɗin nan ta yi nauyi. Ni na tsaya a kan yaro zazzaɓi na cinsa, an yi masa allura an sake, jiki bai sauka ba, uwarsa na riƙe da ƙafarsa tana kallona. Daga baya aka gano abin da ke cikin kwalbar ba magani ba ne, kwali da tambari kawai aka kwaikwaya. Wanda ya sayar da shi ma ɗan kasuwa ne, Baba. Idan babu hukumar da za ta duba, uwar nan da me za ta gane na jabu?

Baba Alhaji: 'Yata, wannan ɓarawo ne, ba ɗan kasuwa ba. A kama shi a ɗaure. Ai na ce shari'a aikin hukuma ce.

Anti Nas: Bayan yaron ya mutu ke nan. Ku duba maganin thalidomide. A ƙarshen shekarun 1950 an yi ta ba mata masu ciki shi a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe don laulayi. Jarirai fiye da 10,000 aka haifa da nakasa, wasu ba hannu, wasu ba ƙafa. A Amurka wata likita a hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a 1960, ta ce hujjar kamfanin ba ta gamsar da ita ba. Kamfanin ya yi ta matsa mata, ta tsaya. Shi ma jinkirin ofis ne, amma ya ceci 'ya'yan mutane.

Auta: Gaskiya ne Anti, sai dai a kalli ɗaya ɓangaren ma. Indiya ta yi shekaru kusan 40 a kan tsarin da sai ka samu lasisi kafin ka buɗe masana'anta, kafin ka ƙara yawan abin da kake ƙerawa, kafin ka shigo da kayan gyara. Mutum ya biya kuɗin babur ko wayar tarho ya yi shekaru yana jiran layi. Sai a 1991, da kuɗin waje ya kusa ƙare musu, Firaminista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka soke yawancin lasisin, tattalin arzikin ya buɗe. Zimbabuwe kuma a 2007 Mugabe ya ba da umarni a rage farashin kaya da rabi, aka kama dubban 'yan kasuwa. Kwana kaɗan kantuna suka zama wayam, kaya suka koma kasuwar bayan fage da tsadar da ta fi ta da. Talakan da aka ce ana karewa shi ya fi shan wuya.

Baba Alhaji: Allah ya yi maka albarka ɗana. Abin da nake faɗa ke nan. Ba wanda zai sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro don an yi sanarwa a rediyo.

Malam: Assalamu alaikum. Ina biye da ku. Baba, maganar farashi tana da asali. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade musu farashi, bai yi ba. Ya ce Allah ne Mai sanya farashi, Mai ƙuntatawa, Mai yalwatawa, Mai azurtawa, kuma yana fatan ya gamu da Allah ba wanda ke bin sa haƙƙin jini ko dukiya. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo shi. To amma shi ɗin dai ya shiga kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci, ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Wannan yana cikin Muslim. Kun ga bai jira mai saye ya kawo ƙara ba, da kansa ya duba. Ya kuma hana ɓoye kaya don su yi tsada, shi ya sa malamai irin su Ibnu Taimiyya suka ce idan 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan abin da jama'a ba su iya rayuwa sai da shi, hukuma na iya tilasta musu sayarwa a farashin da ya dace.

Baba Alhaji: Allah ya gafarta Malam, mai duba ma'auni ban taɓa ƙin sa ba. Ya zo ya auna sikelina ko yau. Wanda nake ƙi shi ne mai hana ni buɗe ƙofa sai na roƙe shi.

Malam: Wannan kuma Ibnu Khaldun ya riga mu. A Muƙaddimarsa ta 1377 ya ware babi guda a kan cewa idan mai mulki ya shiga kasuwanci da kansa, talakawa na cutuwa, harajin ma ya lalace, domin ba mai iya gogayya da wanda ke da baitulmali da dakaru. Ya kuma lura cewa daula a farkonta haraji kaɗan take ɗorawa ta tara da yawa, a ƙarshenta ta ɗora mai yawa ta tara kaɗan, saboda zuciyar masu nema ta mutu.

Anti Nas: To a gaya mini waye zai hana irin abin da ya faru a Rana Plaza, a Bangaladesh. Ranar 24 ga Afrilu 2013 bene mai hawa takwas ya rufto a kan masu ɗinkin tufafi, mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu mata. Kwana ɗaya kafin nan an ga ginin ya tsage. Aka ce su koma bakin aiki ko su rasa albashi. Kasuwa ce aka bari ta yi yadda ta so.

Barista: Anti, wannan misalin naki ya fi ƙarfin inda kika ajiye shi. Bangaladesh tana da dokar gini a lokacin. Hawan da ke sama an ƙara su ne ba da izini ba, mai ginin kuma yana da ƙafa a siyasar yankin. Injiniya ya duba ya ce akwai haɗari, banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, talakawan sama aka tura ciki. Doka na nan, ba ta hau kan mai ƙarfi ba ne. Ku haɗa shi da Muhammad Bu'azizi na garin Sidi Buzid a Tunisiya. Saurayi ne mai tura baron kayan marmari yana ciyar da gidansu. Ranar 17 ga Disamba 2010 jami'an gari suka ƙwace masa kaya da sikeli, ya je ofishin gwamna ya kai kuka aka ƙi sauraronsa, ya cinna wa kansa wuta. Zanga-zanga ta ɓarke, kafin wata guda shugaban ƙasar, Ben Ali, ya bar ƙasar. Hukumar da ba ta ga bene mai hawa takwas ba, irinta ce ke ganin sikelin mai baro. Ni abin da ke ci mini rai ke nan. Ana ta gardamar dokoki sun yi yawa ko sun yi kaɗan, alhali nauyinsu duk a kan ƙaramin mutum yake sauka.

Baba Alhaji: Ka taɓo inda ke min ciwo, Barista. Babban kamfani yana da lauyoyi da akantoci, cike takarda ba ya damunsa. Wani lokaci ma shi ke son a tsaurara sharuɗɗa, don ƙanana su kasa shigowa.

Injiniya: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni damuwata ta wuce shago, ta shiga aljihu da waya. Ranar 8 ga Nuwamba 2016 Firaministan Indiya Modi ya fito da dare ya ce takardun kuɗinsu na rufi 500 da 1,000 sun daina aiki, kusan kashi 86 cikin 100 na kuɗin da ke hannun jama'ar Indiya. An ce don a kama kuɗin haram. Daga baya babban bankinsu ya ce fiye da kashi 99 na takardun sun dawo banki. Masu kuɗin haram sun san hanya, leburori ne suka kwana a layi. A Kanada, Fabrairun 2022, gwamnati ta yi amfani da dokar ta-ɓaci aka rufe asusun bankin wasu masu zanga-zangar manyan motoci ba tare da umarnin kotu ba. A Janairun 2024 kotun tarayya ta ce matakin ya wuce gona da iri. Ko ka ƙi jinin zanga-zangar, ka tuna yau da kuɗi ya koma cikin waya, wanda ya iya rufe asusunka ya iya hana ka sayen komai.

Auta: Amma Yaya, maganar sa ido a waya fa? Ni a ganina wanda bai aikata komai ba ba shi da abin tsoro. Idan hakan zai sa a kama masu kisa da satar mutane, a duba tawa.

Injiniya: Ƙanena, wa zai duba, kuma wa ke duba shi? Bayan harin 11 ga Satumba 2001 Amurka ta yi dokar Patriot, wadda ta faɗaɗa ikon hukuma na sa ido a kan mutane, cikin makonni. Sai a 2013 Edward Snowden ya fallasa cewa hukumar leƙen asirinsu na tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutanen da ba a zarginsu da komai. A 2016 hukumar FBI ta nemi Apple ya rubuta manhajar da za ta buɗe wayar wani da ya kai hari a garin San Bernardino na Amurka, kamfanin ya ƙi, ya ce mabuɗin da aka ƙera don waya ɗaya zai buɗe sauran. Kuma ikon da ka miƙa wa shugaban da kake so yau, yana nan a ofis ranar da wanda ba ka so zai zauna a kujerar.

Malam: Auta, Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, kada ku yi bincike a kan asirin juna. Ayar ba ta ware mai mulki ba. Mutumin kirki ma yana rufe ƙofar ɗakinsa. Idan akwai tuhuma mai ƙarfi a kan wani, a je gaban alƙali a nemi izini a kansa shi kaɗai.

Anti Nas: Na yarda da Malam a nan. Sai dai Injiniya, kada ka manta kamfanonin ma suna leƙe. A 2018 aka gano bayanan mutane har miliyan 87 na Facebook sun faɗa hannun Cambridge Analytica, wani kamfanin da ke yi wa 'yan siyasa aikin kamfen. Wa ya ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019? Hukuma. Ni da kai ba mu isa ba. Cutar agana ma da aka sanar an kawar da ita daga duniya a 1980, gwamnatoci ne suka bi gida-gida da rigakafi. Idan kuka karya hukuma gaba ɗaya, ba 'yanci za ku samu ba, mai kuɗi ne zai zama hukumar.

Barista: Ba karya ta ake nema ba, Anti, linzami ake so a sa mata. Duk ikon da za a ba ta, a tambaya: cutar da ake son hanawa a kan wani take sauka ko a kan mai yin abin kaɗai? Akwai kotun da talaka zai je ta ce wa jami'i ka yi kuskure, mayar masa da kayansa? Dokar gaggawa kuma tana da ranar ƙarewa a rubuce? Siri Lanka a Afrilun 2021 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ba a tambayi manomi ba. Amfanin gona ya faɗi, kafin ƙarshen shekarar aka janye dokar, a Yulin 2022 shi kansa ya tsere. Da akwai mai taka masa birki tun farko, da manoma ba su yi asarar damina ba.

Baba Alhaji: To ni ga tawa. A bar mutum ya fara sana'arsa, in ya cuci wani a hukunta shi. Ba sai ya nemi izini kafin ya nemi halalinsa ba.

Anti Nas: A ɗinki ko gyaran waya, na amince Baba. A magani da jirgin sama da ginin bene, ban amince ba. Hukuncin da ya zo bayan an binne mutane ba ya dawo da kowa.

Baba Alhaji: To a lissafo su, a rubuta, kowa ya san su. Sauran a sakar mana mara. Kuma ko a waɗanda ke buƙatar izinin, a yanka wa ofis wa'adi. In kwanakin suka cika bai ce e ko a'a da dalili a rubuce ba, izini ya tabbata.

Barista: Akwai irin wannan, Baba. Tarayyar Turai ta sa shi a dokarta ta harkokin hidima ta 2006: idan hukuma ta yi shiru har wa'adi ya wuce, a ɗauka ta amince, sai inda aka keɓe saboda maslahar jama'a.

Anti Nas: In dai magani na cikin waɗanda aka keɓe. Shirun jami'i ba zai zama shaidar cewa kwalba na da lafiya ba, kuma ni ce zan zuƙa in yi wa ɗan mutane.