Hoto ba kyamara: in sayi haɗaɗɗen sinadari ko in haɗa da kaina?

Sabuwar Hannu: Assalamu alaikum. Saura mako uku a yi baje kolin da na shiga, kuma sayanotaif (hoton shuɗi da ake fitarwa da sinadari da hasken rana, ba kyamara) nake so in yi a kan yadin auduga, da ganye da gashin tsuntsu. Ba ni da ɗakin duhu na wanke hoto, rana kawai gare ni. In sayi ruwan sinadarin da aka riga aka haɗa, ko in sayi garin guda biyu in auna da kaina?

Ɗan Duhu: Ki yi irin na mai hoton nan Man Ray mana, yadda ya yi a Faris wajen 1922. Takardar hoto, fitila, daƙiƙa kaɗan, an gama.

Sabuwar Hannu: Malam, ai na ce ba ni da ɗakin duhu.

Mai Shuɗi: Ƙanwata, ko wanne kika saya, ki kiyayi garin sabulu. Yadi goma sha biyu na yi. Na shafa koren sinadarin da buroshi a inuwa, na danne ganyen da gilashi, na shanya a rana har koren ya koma toka-toka, na ɗauraye da ruwa zalla, shuɗi ya fito sharr, har jijiyar ganye kana gani. Ana gobe zan kai, aka taya ni wanki. Da safe sai na tarar da rawaya-rawaya kamar tsohon tsumma. Shuɗin nan ba ya shiri da sabulu mai kaifi ko kaɗan. Wata biyu ban sake taɓa buroshi ba.

Gwani: Allah ya mayar da alheri. Garin sinadarin ya fi araha nesa ba kusa ba.

Mai Shuɗi: Araha ina? Sai ka sayi ma'auni da kwalabe masu duhu, rabi ya yi fumfuna kafin ka ƙarar.

Gwani: Shekara takwas ina wannan aiki.

Ɗan Duhu: Shekara takwas, ba mu taɓa ganin hoto ɗaya ba!

Ɗan Raha: Ni ma agogo ya bar mini shaida a hannu saboda rana. A rataye ni a baje kolin?

Hajiyar Ganye: Ku yi ta dariya. Haka wani mai shirya gasa ya mayar mini da aikina, wai ba hoto ba ne tunda ba kyamara. Anna Atkins fa, wata masaniyar tsirrai, tun 1843 ta fitar da littafin tsirran teku da wannan hanyar, shekara guda bayan masanin kimiyya John Herschel ya gano ta.

Gwani: Ya dawo miki da kuɗin rajistar kuwa, Hajiya?

Hajiyar Ganye: Ina fa!

Sabuwar Hannu: To jama'a, ruwan ko garin?